Matsefatar Mahaifiyata

Shekarun baya can, bayan ƙuri'ar da ta haɗa yankinmu da Najeriya da 'yan shekaru, ni ne mai rubuta sunaye a wani ƙaramin asibiti a Mubi. Ina da taga, ina da babban littafi da farar riga mai sitaci. A lokacin, in ka ga yadda nake tafiya a kasuwa sai ka rantse ni ne likitan.

Wata rana shugabanmu, wani dattijo ɗan Michika wanda ba ya ɗaga murya, ya zauna yana buɗe littafin nawa shafi-shafi. Da ya gama sai ya ce, "Malam, garin nan babu tsofaffi ne? Yara nake gani da masu ciki da 'yan kasuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai tsofaffi sun fi yarda da sassaƙe."

Ya ce, "Su suka faɗa maka?"

Ya ba ni kekensa da ɗan littafi, ya ce in shiga unguwanni, duk tsohon da na samu in tambaye shi yaushe rabonsa da asibiti, kuma me ya hana shi zuwa.

Mako biyu na yi ina yawo. A Kolere wani tsohon makiyayi ya ɗage wandonsa ya nuna mini gyambo a ƙwauri, ya ce da damina mayo, wato kogi, ke tare shi, da rani kuma ƙafar ba ta iya tsayuwar layi tun hantsi har azahar. A Wuro Patuji wata tsohuwa ta ce ta taɓa zuwa, ta wuni a rana, ashe an kira sunanta ta taga da Hausa, ita kuwa Fulatanci take ji, kunnen ma ya yi nauyi. Wasu katinsu ya ɓata, wasu gara ta cinye. Masu maganar sassaƙe ba su da yawa. Ina ta rubutawa ina jin kaina wani babban mai bincike, ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa tagar da suke faɗa tawa ce ba.

Ranar da na gama, na dawo gida da la'asar na tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Tun rasuwar mahaifina take zaune tare da mu. Ta tambaye ni da yarenmu na Gude me nake ta rubutawa kwanakin nan. Na yi mata bayani, sannan cikin wasa na buɗe littafin na ce, "To Inna, ke ma tsohuwa ce. Yaushe rabonki da asibiti?"

Ta ce, "Bara na je."

Na yi dariya. "Wane asibitin? Ai da na gan ki."

"Naku. Ni na gan ka."

Ta ci gaba da ɓararta tana magana, ba fushi a muryarta. Ta ce idanunta ne suka dame ta, gashin ido ya juya ciki yana sukarta. Ta je ta zauna a bayan mutane. Sai wani tsoho mai sanda ya isa taga, ta ji na ce masa, "Baba, ba kati, ba magani. Koma ka nemo." Ya tsaya yana roƙo, na kira na bayansa.

Ta ce, "Ni ma ba ni da katin. In na zo gabanka, ko ka kore ni mutane su zage ka, ko ka karɓe ni su ce ka yi son kai. Sai na tashi na dawo."

A wuyanta akwai wata ƙaramar matsefata a jikin zare. Kullum ina ganinta, na ɗauka ta cire ƙaya ce. Ashe da ita maƙwabciyarmu ke tuge mata gashin idon duk bayan 'yan kwanaki. Na duba hannunta, na ga da laluben yatsa take rabe ƙwaya da ɓawo. Na matsa kusa na dubi fuskarta sosai. Idon hagu ya yi fari.

Washegari na kai ta. Shugabanmu ya duba ya ce hakiya ta riga ta rufe na hagu, ba abin yi. Na dama kuwa da likita ya zo rangadi aka yi mata ɗan aiki a fatar idon, ya tsira.

Na miƙa masa littafin binciken, ita ce ta ƙarshe a ciki. Ya karanta har ƙasa, ya dube ni. A makon nan aka kafa benci a gindin darbejiya don tsofaffi, su ake fara gani. Katinsu kuma ya koma zama a wurinmu. Na daina kira ta taga, na riƙa fitowa tare da wata ma'aikaciya mai jin Fulatanci muna bin mutane a inda suke zaune. Kogin Kolere dai ba yadda muka iya da shi. Tsohon nan mai sanda na neme shi a unguwanni har na gaji. Ban san sunansa ba, tunda ban rubuta shi ba.

Abin da na koya shi ne, littafin asibiti, waɗanda suka iso kawai ya sani. Wanda ya juya daga bakin ƙofa sai ka taka ka je ka tambaye shi, wani lokaci ma a gidanku yake.

Mahaifiyata ta daɗe a raye bayan wannan. In za ta kalle ni sai ta ɗan karkata kai ta ɓangaren dama. Har ta koma ga Ubangijinta ba ta sake tayar da maganar ba. Yanzu na wuce shekarun da ta yi a duniya, kuma har yau ina ganin da ta yi mini faɗa ko sau ɗaya ne, da abin ya fi mini sauƙin ɗauka.