Abin da Baba Ya Buga a Ƙarfen Gado

Shekara ashirin da wani abu mahaifina ya yi yana buga tangaraho a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Da yatsa ɗaya yake magana da jirgin alhazai tun yana tsakiyar teku: bugu gajere, bugu dogo, kowane harafi da nasa. Mos ake ce wa abin. Ni kuwa aikin rediyon murya nake so, amma ba a ba da takardarsa sai an ci jarrabawar Mos, kuma sau biyu ina shan ƙasa.

Nan gardama ta samu gindin zama a gidanmu na unguwar Ruwais.

"Baba, a soke jarrabawar nan mana. Wa ke ƙwanƙwasa ƙarfe yanzu, ga murya?"

"Ya waladi, ɗana, murya tana ɓacewa cikin iska, bugu kuwa yana isa. Zauna in koya maka."

"Halas, ya isa haka, Baba. Zamaninku ya wuce."

Da bakina na faɗa, ina taunar burodi ko a jikina. Bai sake yi mini tayi ba. Na yi zuciya na koma sayar da yadi a kasuwar Bab Makka.

Bayan shekara huɗu ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Wata safiya ina ba shi shayi sai ya kafe ni da ido, yatsansa na hagu yana bugun ƙarfen gado. Mahaifiyarmu ta ce karkarwa ce. Ni na san ba karkarwa ba ce. Na yago takarda ina rubuta ɗigo a gajeren bugu, ɗan layi a dogon, shi yana maimaitawa, har zufa ta jiƙa masa matashi. Washegari ya rasu.

Bayan zaman makoki na kai takardar wurin wani tsohon abokin aikinsa a unguwar Mahjar. Ya daɗe yana juya ta.

"Ɗana, ina shirun? Tsakanin harafi da harafi akan ɗan dakata. Ba ka bar gurbi ba, duk ka haɗe su. Wallahi ba ta karantuwa. Bai koya maka ba ne?"

Na karɓi takardata na koma gida. Takardar tana nan cikin akwatina, layi uku. Gafara ce, ko wasiyya, ko ruwa kawai yake so, ban sani ba, kuma abin yana cina har yau. Da ni yake magana, ina zaune dab da shi.