Wuyan Inna da Buhun Taki

Maganin da aka ba Inna a asibiti saboda maƙoƙonta ƙwaya ɗaya ce tak, mai ɗauke da wani tururi da ido ba ya gani, wanda likitoci ke kira radiyeshan. Likita ya ce ta yi 'yan kwanaki tana kwana ita kaɗai, kofinta daban, kada ta ɗauki yaro. Bayan nan shi ke nan, ta koma harkarta. Mutanen gidanmu na Gwandu suka riƙe rabin farko na maganar gam, suka yar da sauran.

Har aka yanke gero kofin Inna na rataye shi kaɗai a ƙusa. Wannan bai dame ta ba. Abin da ke cin ranta jikanta ne, ɗan yayana na fari, wanda aka haifa a makon da ta dawo. Duk jaririn da aka haifa a zuri'armu ita ke yi masa wanka, amma wannan ko ƙafarsa ba ta taɓa ba. Daga bakin ƙofarta take leƙensa tana tsokana: "Angona, ko gaisuwa babu?" Matar Yaya sai ta yi murmushi, ta ƙara tamke goyonta. Ban ga laifinta sosai ba, ta daɗe tana neman haihuwa. Amma raina yana ɓaci, wallahi.

Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare a Kalgo, kuma ina da 'yar na'urar auna wannan tururin, girman wayar hannu, da na saya don nuna wa ɗalibai. Na ɗauko ta na taho gida ina ji da kaina. Na tara kowa a tsakar gida, na ce yau za a gama wannan magana. Ina kai ta kusa da wuyan Inna, sai ja'irar ta ɓarke da ihu, tii-tii-tii, har da jar wuta! Matar Yaya ta yi ɗaki da gudu.

Inna ta dube ni ta ce, "Kashe abinki, ɗiyata. Mun ji."

Da na koma Kalgo na ajiye ta a kan tebur cikin haushi, sai ga ta tana yi wa bokitin wanka irin wannan ihun. Ashe haka take tun daga masana'anta: lambarta tsalle take yi, da ta ɗan ɗaga sai ƙararrawa, ko da komai ko babu. A aji ban taɓa kula ba, don dama hayaniyar yara ta fi tata.

Na shiga bincike, na tarar akwai wasu bayin Allah da suka rubuta wa irin na'urar wata manhaja daban, suka saka kyauta ga mai so. Da ita za ka ce mata ta natsu ta yi ƙirge na tsawon lokaci, sannan ta ba ka lamba guda. Kai ne kuma za ka zaɓi inda ƙararrawa za ta tashi. Sai dai an rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe: in ka ɗora wadda ba ta dace da cikin taka ba, tana iya mutuwa.

Na kai wa mai gyaran waya na bakin tasha, na ce filashin nake so, wato a sake mata manhaja. Ya jujjuya ta ya ce, "Malama, wannan ina ake sa mata sim?" Na ce ara min ƙaramin sukundireba kawai, Allah ya ba ka haƙuri. Na kwance bayanta, na karanto lambar ɗan guntun da ke ciki da ƙyar, har idona na hawaye. Wata abokiyar aikina, 'yar Zuru, ta ba ni aron kwamfutarta bayan an tashi makaranta, ta zauna kusa tana cin gyaɗa.

Na jona kebul, na danne maɓalli kamar yadda aka ce, na tura manhajar. Fuskar na'urar ta yi baƙi ƙirin. Na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Na ce innalillahi, na kashe ta! Ita kaɗai gare ni, kuma ihunta shi ne magana ta ƙarshe da gidanmu ya ji a kan Inna. Abokiyar tawa ta ce, "Kin dai cire kebul ɗin kafin ki fara zaman makoki?" Ban cire ba. Ina zarewa ta kawo haske, tana ɗan ƙas, ƙas a hankali kamar ana ɓare gyaɗa.

Da na sake zuwa gida, wannan karon ban tara kowa ba. Na sami matar Yaya tana wanke-wanke, na ce, "Anti, ke za ki riƙe, ni ba zan taɓa ba." Na nuna mata yadda za ta fara ƙirgen da inda lambar ke fitowa. Ta auna tsakar gida. Ta auna turmi. Ta je ta miƙa hannu daga nesa-nesa ta auna wuyan Inna, Inna na zaune ta ɗaga haɓa kamar za a ɗauke ta hoto. Duk lambobin kusan ɗaya.

Ba ta yarda ba tukuna. Ta ce bari ta gwada ɗakinta, inda ta tabbata lafiya lau ne. Can muka jiyo ƙas-ƙas ɗin ya ƙara sauri, ita kuma ta ƙwala min kira. Buhun takin zamani ne da Yaya ya ajiye don gonar albasarsa da ke Ceberu, jingine daf da shimfiɗar yaron. Lambarsa ta ɗara ta Inna. Na ce ta kwantar da hankalinta, irin wannan takin haka yake, kuma ko shi bai kai ya cutar da kowa ba.

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. "To, ku ware wa buhu kofinai!"

Matar Yaya ba ta yi dariya ba. Ta kwance goyonta, ta durƙusa ta ce, "Inna, ga angonki. Ki yafe min."

Yaron ya yi nauyi, ya wuce jaririn da ake yi wa wankan farko. Inna ta karɓe shi, ta kifa shi a wuyan nan nata. Bai yi kuka ba. Ya ƙare mata kallo, sannan ya tsula mata fitsari a zane.

Na tashi zan ɗauko mata wani, ta ce in bari. Da shi ta wuni, sai da aka kira la'asar ta canza.