Gyaɗar Malam Idi da ƙuri'ar da na je nema Safana

Ana idar da sallar asuba na saɓa jakata na nufi tasha. Maiɗakina ta raka ni zaure tana mita, wai mutum ya bi hanyar Batsari saboda shugabancin ƙungiyar da ba ta cika bas ɗaya ba. Gaskiya ta faɗa. Mu 'yan jaridar da ke ɗauko labarin wasan ces, wannan darar Turawa mai sarki da doki, ba mu da yawa a jiha. Amma tun da Alhaji Mansur, abokin takarata, ya ce a riƙa yin komai a birni, na rantse sai na kai taro da gasa ƙauyukan yamma. Magoya bayanmu sun yi kunnen doki, saura mutum biyu: Malama Hadiza a Batsari da Malam Idi a Safana. Zaɓe ranar Asabar ne, kuma sai wanda ya zo da ƙafarsa yake ɗaga hannu.

Batsari

Motar ba ta cika ba sai da hantsi. A wani shinge jami'in tsaro ya zazzage jakata, ya ɗaga dokin katako yana jujjuyawa.

"Malam, tsafi ne?"

"Wasa ne, ranka ya daɗe. Ka taɓa shi kuwa, a dokarmu sai ka tura shi."

Ya yi dariya ya mayar mini.

Na sami Malama Hadiza a makarantar da take koyarwa. Ita ke aiko wa rediyo labarin gasar ɗalibai. Ta nuna mini allo ɗaya tilo da 'yan mata daga ƙauyukan Karare da Darini ke layi a kansa, an maye gurbin sojojin da suka ɓata da murafun kwalba. Na fara zuba jawabin da na haddace, ta katse ni.

"Malam Kabiru, ajiye. Tunda ka tako nan, hannuna naka ne."

Na sha furar da ta aiko a sayo, na hau babur kafin azahar, domin a nan ba mai son la'asar ta same shi a hanya.

Safana

Malam Idi ba ya gida. Tsohon malamin firamare ne, shi ya fara rubuta labarin ces da Hausa a yankin nan, a wurinsa ma na koyi sunayen 'ya'yan allo. A gona na iske shi, sunkuye cikin gyaɗa shi kaɗai, 'ya'yansa duk suna kudu wurin nema. Muka gaisa doguwar gaisuwa.

"Baba, zaɓe jibi ne."

"Na sani. Amma ka ga gonar nan? In ban kwashe ta ba, ba ni zuwa ko'ina. Yanzu ba a barin amfani a daji."

Ban yi dogon tunani ba. Na tuɓe babbar riga na karɓi fartanya. Hannun da bai san komai ba sai biro da makirfo, kafin la'asar ya yi bororo. Muka koma gari, na ci tuwon dawa da miyar kuka, na kwana a zaurensa kamar an jefar da buhu.

Washegari, rana ta fara zafi, mun ci rabin gonar, sai ya dafa kafaɗata.

"Kabiru, kafin ka ƙara sunkuyawa, bari in faɗa maka. Mansur ya kira ni tun da damina, na yi mashi alkawari. In na je Katsina, shi zan ɗaga ma hannu."

Wallahi raina ya ɓaci. Lissafin a fili yake: in na ajiye fartanya yanzu, gyaɗa ta riƙe shi a nan, na ci zaɓe da hannun Malama Hadiza. In na ƙarasa, ni da kaina zan kai wa Mansur ƙuri'a.

"Baba, me ya hana ka faɗa tun jiya?"

"Jiya ba ka tambaye ni ba. Aiki ka kama."

Na tsaya ina kallon kunyoyin da suka rage. Ni da nake yawo ina cewa ba za a bar mutanen yamma a baya ba, ni zan bar tsoho a gona don in hau kujera? Na tofa yawu a tafin hannu na ci gaba da tono. Shi ma ya sunkuya muka ci gaba tare. Kafin la'asar amalanke ta kwashe kayan zuwa gida.

Katsina

Asabar da sassafe muka shiga a-kori-kura, daga baya muka canja mota zuwa birni. Duk hanya yana ɓare mini dafaffiyar gyaɗa, ni kuwa ina ci ina jin haushinsa.

Da aka kira sunan Mansur, Malam Idi ya ɗaga hannu sama sosai, yana kallona ido cikin ido. Aka ƙirga, kunnen doki. Doka ta ce a sake zaɓe bayan an gama kaka. Ana ta gardamar inda za a yi, sai tsohon ya miƙe.

"A yi shi a Safana. Mai son shugabancinmu ya zo ya ga inda muke."

Malama Hadiza ta mara masa baya, mafi yawa suka amince, Mansur ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

A bakin tasha na ce, "Baba, ka kayar da ni yau."

"Hannu ɗaya na yi alkawari, na kuwa ɗaga shi. Ba ya bi na komi yanzu."

Na iso gida da magariba. Maiɗakina ta dubi tafin hannuna, ta ɗauko man kaɗe, ta tambaya ko na ci.

"Ban ci ba, ban faɗi ba."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malama Hadiza, da direbobin da suka san hanya, da Malam Idi da ya faɗa mini gaskiya tun gonar tana rabi. Jakata ban ma kwance ta ba, tana nan rataye a bayan ƙofa.