Mai riƙe da jinin asibiti

Duk asibitin babu wanda rayuka ke hannunsa kamar Malam Kulle. Shi da kansa ya sha faɗin haka. Ofishinsa na ƙarƙashin matattakala, kusa da ma'ajiyar tsintsiya, kuma daga nan yake kula da rumbun bayanan kwamfuta da ke ɗauke da rukunin jinin kowane majiyyaci.

Sunan ya samo shi ne daga ɗabi'arsa. Idan zai sabunta bayanai masu yawa, yakan raba aikin gida-gida su gudana lokaci guda, abin da 'yan sana'ar ke kira zare. Amma sai ya sa wa sunan kowane majiyyaci kulle, don kada zare biyu su taɓa mutum ɗaya su cakuɗa bayanai. Aikin kan ɗauki yini. Ko a gida haka yake, ba a zuba masa miya yana magana.

Ranar da za a yi wa ƙanwarsa tiyata a asibitin, ya so ya gama da wuri ya je ya zauna da ita. Ya cire kullen. Kafin shayinsa ya huce aiki ya kammala, na'ura ba ta yi ƙorafi ba. Wannan shirun ne ya dame shi.

Ya buɗe sunan ƙanwar. Jinin da ke rubuce a gabansa ba nata ba ne, na wani tsoho ne mai ciwon ƙafa.

Ya kira wayarta. Mijinta ya ɗauka.

"Yaya, ai sun shiga da ita. An ce ma za a ƙara mata jini."

Bai rufe ofis ba. Ya haye bene, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya. A ƙofar ɗakin jini ya ci karo da wata nas ta fito da leda ja a tire, ta wuce shi ba ta waiwaya ba.

"Baba, tsayar da ita!" ya ce wa dattijuwar da ke gwajin jini. "Abin da ke kwamfuta ba daidai ba ne!"

Ta dube shi ta saman tabarau.

"Wace kwamfuta, ɗan nan? Mu da hannu muke gwada kowa."

Ta nuna masa lungu. Kwamfutar na nan an lulluɓe ta da zane, da fulas a kai. Tun bara aka cire ta, firij na bukatar soket ɗin.