Ɗakunan Kawu Uba a Bakin Burtali

Kawu Uba ƙanin mahaifiyata ne, mahauci a Garwa. Yana saurayi, da ƙafa yake koro shanu daga kasuwar Pitoa zuwa mayanka, har ya samu teburin kansa. Bai taɓa koyon mashin ba, kuma ba ya son hawa bayan wani. Idan aka ce masa wuri da nisa, sai ya tambaya, "Bijimin sa zai kai kafin azahar?" In zai kai, to kusa ne.

Da ya haura sittin, hannunsa na dama ya fara rawa. Sau biyu wuƙa ta sauka inda bai aike ta ba. Sai ya sayar da shanun da ya ba wani Bafulatani kiwo a wajen Gider, ya ce ɗakunan haya zai gina, ya ajiye gatari tun yatsunsa suna cike.

Dillali ya fara nuna masa wani ɗan fili a bakin kwalta, daf da inda masu mashin ɗin haya suke tsayawa. Kawu ya taka ƙasar, ya shaƙi hayaƙin, ya ce ko akuya ba za ta kwana a nan ba. Wanda ya kwanta masa a rai yana can ciki, a bakin burtalin da ya sani tun ƙuruciya: fili mai faɗi, ga inuwar tsamiya, ga ciyawa, ga mayo a gabansa, irin rafin nan da yake zama yashi zalla da rani. A watan Maris ya gan shi.

Matarsa Luba ta ce, "Malam, mutanen da za su zauna can, wa zai riƙa kai su gari?"

"Allah bai ba su ƙafa ba?"

Blaise, mai mashin ɗin da yake kai masa nama gidajen abinci, shi ma ya je ya gani. Ya dawo yana kakkaɓe wando. "Baba, yashin nan cin taya yake. In ruwa ya sauko kuma, sai dai ka ba ni sa in hau."

"Ku dai da taya a gindi aka haife ku," in ji Kawu. Aka yi dariya, aka wuce.

Ɗaki shida ya gina, da rijiya mai ruwan daɗi. Ranar da aka buga kwano, ya tara abokan sana'a ya miƙa wa Taufiƙ teburinsa, mutumin da ya shekara goma sha biyar yana fiɗa a ƙarƙashinsa. Ɗaki huɗu suka samu mutane. Cikinsu akwai Josiane, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ce tana son wurin don babu hayaniya.

A Yuli mayo ya cika. Kawu ya san inda ƙasa take da ƙarfi a ƙarƙashin ruwan, don nan yake tsallakar da shanu a da. Kullum da safe sai ya tako daga gari, ya naɗe wando, ya shiga da sanda, yana riƙe hannun 'yan hayarsa ɗaya bayan ɗaya. Na bi shi sau ɗaya. Josiane ta ɗaure takalmanta a ka, ruwa har ƙugu. Da ta haye, babu mashin ko ɗaya, sai taɓo har kwalta.

Kawu ya sayi kilishi ya kai wa masu mashin a matsayarsu. Babbansu ya karɓa da hannu biyu. "Baba, ba ƙin ka muke ba. Mu shiga taɓo da mutum ɗaya, mu fito wofi? Ko da rani ma dauriya muke."

Josiane ce ta fara tashi, bayan an ja mata kunne a wurin aiki sau uku. Ta durƙusa ta ba Kawu makulli, ta ce, "Baba, ɗakinka ba shi da laifi." Kafin ƙarshen Agusta sauran sun bi ta. Da rani ya dawo, labari ya riga ya zaga. Masu neman ɗaki su tsaya a kwalta, su tambayi mai mashin, su juya. Wanda ya zo da niyyar sayen gidan ma bai ƙarasa ba. A damina ta biyu aka kwance kwanon ɗaki uku, gara ta gama da ƙofofin.

Taufiƙ ya zo har gida ya ce a karɓi teburin. Kawu ya ce abin da ya bayar a gaban jama'a ba ya komawa. Ya nemi fiɗa a wurin wasu, suka dubi hannun, suka ba shi haƙuri.

Yanzu a bayan mayanka yake, inda ake wankin kayan ciki. Yana tsugune a bakin kwatami tare da masu sharar wurin, yana juya tumbi a cikin bokiti. Ranar da mahaifiyata ta aike ni da magani, na tsaya nesa ina jira ya ɗago. Wani ɗan Taufiƙ, magidanci da gemunsa, ya ajiye masa hanji a gaba ya ce, "Tsoho, a yi sauri, ana jira."

Kawu ya ce to. Ya jawo bokitin.