Sati Biyar Sikeli Bai Motsa Ba

Yau ma na hau sikelin Baba Haladu mai awon riɗi a kasuwar Shuwarin. Ya duba ya ce, "Kilo ɗari da biyu. Yana nan inda ka bar shi."

Sati biyar ke nan a wuri ɗaya.

Tun da likita ya ce jinina ya hau, in rage ƙiba, na daina fita ciyayya a ƙofar gidanmu. A can in ka yi loma biyar ka tsame hannu, sai a ce ka raina tuwon gidan wani. Na koma cin wake da zogale a ɗaki, ina jiyo dariyar 'yan ciyayyar ta taga. Da suna aikowa a kira ni. Yanzu sun daina.

Na ce, "Baba, anya sikelin nan lafiya?"

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, ɗana. Jikin ne yake hutawa, zai ci gaba. Fuskarka ce dai ta faɗa. Da wa kake cin abinci?"

Na sauka daga kan sikelin na kama hanyar gida.

Kilo zan iya jiransa. Ci ni kaɗai ne ya fara isata. Ku da kuka taɓa rage ƙiba, yaya kuka yi da mutane?