Ranar da Na Ce Shanun Babana Ne

Wata Talata ce, shekarar da nake aji huɗu a firamaren Pauwa, mako biyu bayan an gama yankan dawa. Mun taso daga makaranta, ina rataye da jakar buhu, ina sauri in je in taya Inna surfe, sai na hangi motar 'yan sanda a bakin hanyar Kankara. Sun tare Baffa Sambo da bijimai biyu.

Baffa Sambo Bafillace ne, rugarsu na bayan gonarmu. Duk kaka, da an gama aiki, Baba yakan ba shi shanunmu huɗu ya haɗa da garkensa, shi kuma ya riƙa kwanar da garken a gonarmu mu samu taki. Ba takarda, ba shaida, tun zamanin kakanmu haka ake yi. Mu yara a rugar muke wuni ran Asabar, muna tsintar kara, muna langa da 'ya'yansa, matarsa Goggo Hari ta dama mana fura da kindirmo har ciki ya ɗaure.

Ni kuwa Allah ya yi ni da rawar kai da shegen surutu. Na kutsa gaba don a san na san shanun. Wani dogon ɗan sanda ya ce, "Ke yarinya, shanun wa ye?" Na ɗaga murya ina taƙama, na ce, "Na Babana ne!" Bai bari na ƙara ko kalma ba. Ya juya ga abokinsa ya ce, "Ka ji ko? Dama duk haka suke." Nan take suka hau Baffa da gindin bindiga. Baffa bai yi ihu ba, don a wurinsu abin kunya ne babba ya yi kuka gaban yara, su kuma suka ce taurin kan ɓarawo ne, suka ƙara. Ina ta kururuwa cewa Baba ne ya ba shi, amma ba wanda ya waiwaye ni. Aka jefa shi bayan mota, hularsa a ƙasa.

Baba ya yi ta zarya caji ofis shi da mai unguwa, yana cewa, "Mi ya yi? Ni na ba shi da hannuna." Aka ce masa bincike ake, wai ko tsoro ne ya sa yake rufa wa Bafillace asiri. Shanun dai washegari aka maido mana. Baffa kuwa sai da ya kwana goma sha ɗaya. Ya fito ba ya iya miƙewa, yana tarin jini, kuma bai ga damina ba. Da muka je gaisuwar rasuwarsa na kasa shiga bukkar. Goggo Hari ta fito ta dafa kaina ta ce, "Ai gaskiya kika faɗa, ɗiyata." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu babu ruga a bayan gonarmu, kowa na tsoron kowa, manomi ba ya ko gaisawa da makiyayi a kasuwa. 'Ya'yana sun taso suna jin Bafillace kamar sunan dodo, kuma in na ce musu a cikin Fulani na girma sai su yi dariya. Ina kewar wancan zama ƙwarai. Ni kuma tun daga ranar surutu ya bar ni, har yau in mai kaki ya tambaye ni ko hanya ce, sai in ce ban sani ba.